Darasi: Yadda Ake Bin Sawun Kakan da Ya Je Yaƙin Boma

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau darasinmu na masu cewa "kakana ya je Boma" ne, amma iyakar abin da suka sani ke nan. Ina ɗauka kowa yana da wayarsa da data, saboda haka mu wuce kai tsaye.

Ku fara da akwatin tsoho. Abin nema shi ne littafin sallama, wanda aka ba soja ranar da ya ajiye kaki, domin a cikinsa lambar soja take. Sojojin Najeriya lambarsu tana farawa da NA, na Gana kuma GC. Lambobin girman nan da ake rataya a ƙirji, kada ku wahalar da kanku kuna juya su kuna neman suna, yawanci ba a rubuta komai a bayansu. Amma suna magana. Tauraron Boma ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefensa shuɗi da ruwan lemo. Idan kun ga shi, to tsoho ya je can ɗin.

Sai bajen kafaɗa, idan yana nan ko ya fito a hoto. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya, runduna ta 81 ce, wadda aka kafa a 1943, su ne suka shiga kwarin Kaladan a 1944. Idan kuma mashi biyu ne a gicciye cikin gammo, ta 82 ce, 'yan yankin Arakan na Boma, waɗanda suka yi faɗan Myohaung a Janairun 1945. Barikin Myohaung da na Arakan da ke Legas daga nan suka samo suna.

To ga allon, ku duba. Na buɗe shafin CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila. A'a, tsaya, kafin in ci gaba: wannan shafin na waɗanda suka mutu a yaƙin ne kawai. Idan kakanku ya dawo ya yi tsufansa a gida, ba za ku gan shi a nan ba, kada ku ce shafin ya lalace.

Yanzu ga inda ake shan wuya, ku ba ni kunnenku. Baturen da ya ɗauki sunan bai jin Hausa sosai, abin da ya shiga kunnensa shi ya rubuta. Muhammadu sai ya koma Momo, ko Mama, ko Mamadu. Ahmadu ya zama Amadu. Sannan sau da yawa ba a sa sunan mahaifi, sunan gari ake liƙa wa mutum ko na ƙabilarsa: wane Kano, wane Sokoto. Ku lura, Sokoto za ku rubuta, ba Sakkwato ba. Kuma garin ma ba lallai ne mahaifarsa ba, wani lokaci inda aka ɗauke shi aiki ne. Saboda haka ku riƙa sauya rubutun, ku sa sunan garin a gurbin sunan mahaifi, ku gwada, ku sake gwadawa. Ni dai na fi son in zuba lambar soja kawai in bar gurbin suna babu komai, ita ba ta da laƙabi.

Idan kun san bataliyarsa, sai ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke unguwar Kew a Landan. Kundin WO 172 shi ne rahoton yau da kullum na rundunonin da ke fagen Boma. Hafsoshi ne suka fi fitowa da suna a ciki, amma za ku san inda bataliyar ta kwana a kowace rana. WO 373 kuwa na waɗanda aka ba da sunansu don lambar jarumta ne, ana bincika shi da suna ta intanet. A gida kuma ku leƙa ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji.

Wanda ya samo takarda ya kasa karanta rubutun hannun Turawan nan, ya turo min hotonta, muna wannan aikin, kuɗinmu ba yawa. Ku danna alamar bibiya, mako mai zuwa za mu taɓo waɗanda aka kai Habasha a 1941.