Lauyan da ke kashe rigima kafin ta tsufa a kotu

Wannan lacca ce da wani lauya mai aikin sulhu da tahkimi ya gabatar wa ɗaliban shari'a a Sakkwato. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. Ƙannena ɗalibai, wurinku na zo.

Na san in an ce lauya, abin da ke faɗo muku a rai shi ne mai baƙar riga da farar hular gashi, tsaye gaban alƙali yana tsare mai shaida da tambayoyi. Aiki ne, kuma dole ku iya shi, don wanda ba ya iya shari'a ba wanda zai ji tsoron ƙin yin sulhu da shi. Amma mafi yawan aikina a zaune nake yinsa, a ɗaki, tsakanin mutum biyu da ko kallon juna ba sa son yi.

Ban da kotu, hanya biyu muka fi bi. A sulhu, mai shiga tsakani ba ya yanke wa kowa hukunci, masu rigimar ne ke cimma matsaya da bakinsu. A tahkimi kuwa su ne za su zaɓi hakami, amma da zarar ya yanke, ya hau kansu, kotu kuma za ta zartar. Dokar da ke tafiyar da su yanzu ita ce ta 2023, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ana saura kwanaki ya sauka, ta maye gurbin ta 1988. Ku riƙe abu biyu daga cikinta: in ɓangarorin ba su faɗi adadin hakamai ba, mutum ɗaya ne, kuma mai son kotu ta soke hukuncin hakami wata 3 gare shi. Najeriya ta shiga yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta shafi zartar da hukuncin hakamai a ƙasashen waje, tun 1970, saboda haka hukuncin hakami da aka yanke a nan ana iya bin dukiyar mutum da shi har Dubai ko Ingila. Legas kuma ta buɗe zauren sulhu da ke jingine da babbar kotu tun 2002, Abuja da Kano suka biyo baya.

To, wannan na littafi ne, za ku same shi. Abin da na zo da shi daban ne.

A ɗauka wani ɗan kasuwa ya yi lodin albasa daga Goronyo zuwa Mile 12 a Legas. Mota ta lalace a hanya, kaya suka ruɓe, dillali ya ce bai karɓa ba, mai mota ya ce ƙaddara ce. Babu takarda ko ɗaya, sai kiran waya da shaidar 'yan dako. Alhaji zai shigo ofishinka ransa a ɓace ya ce, "Barista, ba kuɗɗi ad damuwata ba, so ni kai shi san ni ba yaro nai na ba." A nan ne ake gane lauya. Kana iya cewa, "An gama, Alhaji," ka shigar da ƙara, ka riƙa karɓar kuɗin fitowa kotu duk ranar da aka ɗage zama. Ko kuma ka ba shi ruwa ya sha, ka gaya masa gaskiya: hujjarsa ba ta da ƙarfi, shari'ar na iya cin shekaru in aka haɗa da ɗaukaka ƙara, kuma baɗi da wannan dillalin zai sake buƙatar yin ciniki. Ƙa'idojin aikin lauya sun wajabta mana sanar da mutum cewa akwai hanyar sasanci kafin mu kai shi kotu. Wasu kan faɗa da baki ɗaya-ɗaya don a ce sun faɗa. Ni a ganina wanda ya ɓoye wa mutum raunin shari'arsa don kuɗin fitowa, cin amana ya yi, ko da daga baya ya yi nasara.

Mu a nan ba baƙon abu ne aka kawo mana ba. Suratun Nisa'i ta ce sulhu alheri ne, ta kuma ce in aka ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata a tashi hakami daga danginsa da hakami daga danginta. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Agu da Ikewibe ta 1991, ta amince da hukuncin da dattawa suka yanke bisa al'ada, matuƙar ɓangarorin da kansu suka kai maganar kuma suka yarda zai hau kansu. Wato zaman da ake yi a zauren hakimi ko wurin shugabannin kasuwa yana da nauyi a idon doka, in an yi shi daidai. Aikinka ka tabbatar an rubuta, an sa hannu, an kafa shaidu.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke karantawa, ta ce alƙali ya kira mutane zuwa sulhu idan hukunci ya shige masa duhu. Idan gaskiya ta bayyana kuwa, a'a, sai fa in ana tsoron fitina ko gaba tsakanin 'yan uwa. Hadisi kuma ya ce sulhu halas ne tsakanin Musulmi, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Me ya sa nake jaddadawa? Saboda a ƙasar nan sau da yawa "a yi haƙuri" mai rauni kaɗai ake gaya wa. Mace mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya, tumuninta, wato ɗaya bisa takwas, ba abin ciniki ba ne. Ƙannen miji sun riƙe gonar fadama, sai a taru a ce ta karɓi ɗan abin da aka ba ta don zumunci. In ita ce ta ɗauke ka, ka lissafa mata haƙƙinta gaba ɗaya tukuna, da nata da na marayu, ka gaya mata hanyar kotun shari'ar Musulunci a buɗe take, har zuwa kotun ɗaukaka ƙara wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin gado da wasiyya da waƙafi. Bayan ta sani, in ta yafe wani abu daga nata, ita ta so. Na marayu kuwa ba ta da ikon yafewa, kai ma haka.

Kada ku zaci amana a ƙananan shari'u kawai ake gwada ta. Kamfanin P&ID ya ƙulla kwangilar sarrafa iskar gas a Kalaba da gwamnatin tarayya a 2010. Ba a gina komai ba, amma a 2017 hakamai a Landan suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11. Sai a ƙarshen 2023 Mai shari'a Robin Knowles na babbar kotun Ingila ya rushe hukuncin, bayan ya gano an ba da cin hanci, kuma takardun sirri na lauyoyin Najeriya sun faɗa hannun ɗaya ɓangaren, aka riƙe su ana amfani da su. Tahkimi a ɓoye ake yinsa, ba 'yan jarida, ba 'yan kallo. Wannan sirrin shi ke jawo 'yan kasuwa, shi ne kuma ke sa in lauya ya lalace a daɗe ba a gane ba.

Batun hanya ba shi da tsawo: shekara 5 a jami'a, 1 a makarantar horar da lauyoyi, ko Bagauda ko inda aka tura ka, sannan kwasa-kwasan cibiyoyin hakamai da masu sulhu. Abin da ba a ba da takardar shaidarsa shi ya fi wuya. Ka iya lissafin gado da ka. Ka iya karanta littafin bashin ɗan kasuwa. In kana jin Fulfulde ko Zabarmanci, kada ka bari su zube, don rigimar makiyayi da manomi ko ta fataken Illela ba da Turanci ake kashe ta ba. Ka kuma koyi yin shiru, wanda ga lauya, kun sani, azaba ce.

(Wata ɗaliba ta tambaya: in ana gama magana da wuri, da me lauya zai ci abinci?)

Ƙanwata, tambayar da kowa ke so ya yi ke nan. Tun ranar farko ki rubuta yarjejeniyar kuɗi, ki yanka ladanki a kan aikin gaba ɗaya, ba a kan yawan zama ba, ki sa a ciki cewa ko an sasanta a zama na biyu ladan na nan. Wasu za su tsaya ciniki, wasu su tafi wurin wani. Amma Alhajin albasar nan a ƙungiya yake, kuma 'yan kasuwa da baki suke tallar lauya. Akwai wata tambayar? Na ga hannu can baya.