Yadda waƙa ke nuna Maraɗi ba tare da ta kama suna ba

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Mawaƙi zai iya ambaton Maraɗi sau goma a baiti guda, mai sauraro bai ga garin ba. Wani kuma ko sunan ba zai kama ba, amma ɗan garin da ke ci-rani a Abijan yana ji sai ƙwalla ta cika masa ido. Aikin siffantawa ke nan.

Ga misali da muka tsara. Wani ya ce: "Garinmu mai kyau, garin albarka." Wannan ɗangon ya hau Damagaram, ya hau Tawa, ya hau ko'ina. To, ku saurari wannan:

"Gulbi ya ƙafe, yara na ƙwallo a cikinsa,
Gawo ya yi kore, jar akuya na gindinsa."

Ba a ce rani ba, amma kun san rani ne. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya da Madarunfa, ya wuce Tsibiri ya sake komawa Najeriya, kuma da damina kawai yake gudu. Sauran watanni rairayi ne. Shi kuwa gawo saɓanin sauran itatuwa yake: da damina ya kaɗe ganye, da rani ya yi shar, awaki su taru suna tsintar ƴaƴansa. Akuyar ma da gangan aka ce ja, don jar akuyar Maraɗi ta yi suna saboda kyawun fatarta. Wanda bai san gawo ba zai zaci damina ake nufi. Ɗan gida ba ya wannan kuskuren.

Akwai kuma jinsintarwa, wato a ba abu halin mutum. Idan mawaƙi ya ce gulbi ya yi fushi ya kori masu gida, dattawa za su tuna ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga fadama, jama'a suka hau tudu.

Abin da ke damuna shi ne matasanmu masu basira da ke cika waƙa da teku da dusar ƙanƙara, abubuwan da suka gani a waya kawai. Alhali ga amon taɓarya da asuba, ga ƙamshin ƙuli-ƙuli a kasko, ga hazon hunturu da ke rufe hanyar Ɗan Isa har direba ya kunna fitila da rana tsaka, duk ba su shiga baitinsu ba.