Gidan Tarihi na Bubu Hama: Abin da Ke Cikinsa da Masu Raya Shi

Jama'a masu kallonmu, assalamu alaikum. A tsakiyar birnin Yamai, ba nisa da gaɓar kogi, akwai wani fili mai faɗin kusan hekta 24 wanda mutanen gari suke kira Muze, wato Gidan Tarihi na Ƙasa mai ɗauke da sunan Bubu Hama. An buɗe shi a shekarar 1959, tun Nijar ba ta karɓi mulkin kai ba, kuma Pablo Toucet ne ya fara riƙe shi. Shi kuwa Bubu Hama, mutumin Foneko ne ta ƙasar Tera, malamin makaranta kuma marubuci, wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki har zuwa 1974, ya rasu a 1982. Yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai da aka kafa gidan.

Waɗanda suka tsara wurin ba su gina dogon bene guda suka kulle kaya a ciki ba. Sun warwatsa ƙananan ɗakuna a cikin fili, masu zanen gini irin na Hausa, kowane da abin da aka ware masa: tufafin gargajiya, kayan kiɗa, kayan da aka tono daga ƙasa, har da ɗakin da ke bayanin ma'adinin yuraniyom. A tsakaninsu kuma an kafa gidaje irin na Hausawa da Zabarmawa da Fulani da tantin Abzinawa, domin yaron da aka haifa a birni ya ga inda kakanninsa suka kwana.

Abin da ya fi tsayar da baƙo shi ne itaciyar Tenere. Wata itaciyar ƙaya ce da ta rayu ita kaɗai a cikin sahara, ba wata a kewayenta sai an yi tafiya mai nisan gaske, kuma ayarin raƙuman da ke zuwa ɗaukar gishiri Bilma daga Agadas da ita suke gane hanya. Da aka haƙa rijiya kusa da ita, sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Masu ayari ba su taɓa sare ta don wutar shayi ba, amma a shekarar 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, duk da faɗin hamadar nan. A watan Nuwamba na wannan shekara aka kawo kututturenta Yamai aka gina masa rumfa, can kuma aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Kusa da nan akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, waɗanda aka tono a Gadufawa ta jihar Agadas, ciki har da na wani katafaren kada da ya rayu shekaru sama da miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wannan hamada take da koguna.

Sai dai a ganinmu, ran gidan yana rumfunan masu sana'a. Maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa da masu sassaƙa suna aiki a gaban idon mai ziyara, a yi ciniki a saya hannu da hannu, kuma a cikinsu akwai masu buƙata ta musamman da suke ci da guminsu. Akwai kuma cibiyar da ke koya wa yara karatu da sana'a. Jakar fata da ke cikin gilashi tana nuna yadda aka yi jiya, amma badukun da ke zaune da basilla a hannu shi ne ke hana sana'ar mutuwa.

Ranakun Salla ƙarama da Salla babba, filin yakan cika maƙil da yara cikin sabbin kaya, yawancinsu sun zo ganin zakuna da kuraye da dorina ne a sashen namun daji. Wanda ke son ya karanta bayanan da ke jikin kaya a natse, ya kuma zanta da masu sana'a, gara ya zo da hantsi a ranar da ba ta biki ba.