Aikin Laburare: Ƙofar da 'Ya'yan Zango Suke Wucewa Ba Su Ƙwanƙwasa Ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau daga nan Accra ya shafi wata sana'a ce da ba a cika ambatonta ba idan ana shawarar makomar yara a gidajenmu na Zango, wato aikin laburare.

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, maganar da ake yi a Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zango ita ce ake yi a Aboabo da Asawase can Kumasi. Uwa tana so 'yarta ta shiga makarantar nas. Uba yana neman hanyar da ɗansa zai sa kaki, ko soja, ko kwastan, ko ɗan sanda. Wanda bai dace ba sai ya soma tara kuɗin fita waje. Duk neman halal ne, ba kushe su nake yi ba. Amma da wuya ka ji wani ya ce ɗansa zai karanta ilimin laburare, domin yawancinmu mun ɗauka aikin bai wuce zama bakin ƙofa ana kaɗe ƙura ana hana yara surutu ba.

Alhali ƙasar nan tana cikin na gaba a Afirka a wannan fanni. Tun 1946 Bishop Aglionby na Accra ya ba da fam 1,000 don a gina laburaren jama'a. A 1950 hukumar laburare ta ƙasa ta fara aiki a ƙarƙashin wata Baturiya mai suna Evelyn Evans, shekara bakwai kafin 'yancin kai. A 1961 Kwame Nkrumah ya kafa laburaren bincike kan al'amuran Afirka, aka sa masa sunan amininsa George Padmore. Makarantar horar da ma'aikatan laburare da aka buɗe a nan Accra ta koma Jami'ar Ghana da ke Legon a 1965, ita ce yau ake kira sashen nazarin bayanai. Ƙungiyar da ta haɗa laburarorin Afirka baki ɗaya, AfLIA, a birnin nan hedikwatarta take. A 2021 hukumarmu ta karɓi lambar yabo ta laburaren shekara a bikin baje kolin littattafai na Landan, UNESCO kuma ta naɗa Accra babban birnin littafi na duniya na shekarar 2023. Wannan gida ne mai asali, kuma mu ma muna da gado a cikinsa.

To me ma'aikacin laburare yake yi? Kowane littafi da ya shigo sai an tantance shi: wa ya rubuta, yaushe, a kan me, ina ya dace a ajiye shi. Sai a ba shi lamba, a shigar da bayaninsa cikin kwamfuta, yadda ɗalibin da ke Tamale zai san akwai shi a Legon ba tare da ya hau mota ba. Laburaren da ba a yi masa wannan aiki ba kamar kasuwar Kejetia ne ga baƙon da ba shi da ɗan jagora: abin da yake nema yana ciki, amma zai wuni yana yawo bai gan shi ba. A jami'o'i, kamar laburaren Balme a Legon, da na Prempeh na biyu a Kumasi, da na Sam Jonah a Cape Coast, ma'aikatan ne ke kula da mujallun ilimi da ake biya ta intanet, su ke taskance kundayen digiri, su ke koya wa ɗalibai yadda za su bambance sahihin bayani da na ƙarya. A wannan zamani da kowane saƙon WhatsApp yake zuwa da fatawarsa da maganinsa, wannan koyarwa ba ƙaramar hidima ba ce.

Gurbin aikin kuma bai tsaya a inda aka rubuta laburare a ƙofa ba. Majalisar dokoki tana da nata, kotuna suna da nasu. Asibitoci da bankuna da gidajen rediyo da talabijin duk suna da takardu da faya-fayen da suke buƙatar mai tsarawa. Akwai hukumar adana takardun gwamnati da na tarihi, PRAAD, wadda dokar 1997 ta fayyace ayyukanta. Sannan dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta wajabta wa kowace ma'aikatar gwamnati ta ajiye jami'in da zai amsa wa ɗan ƙasa idan ya nemi bayani, kuma babu yadda za a amsa idan fayil-fayil suna jibge a kwali babu tsari.

Amma abin da ya sa na kawo wannan magana gidan rediyo daban ne. Akwai wani ɓangare na wannan aiki wanda ɗan Zango ya riga kowa shirya masa tun yana ɗan shekara biyar, shi bai sani ba, iyayensa ma ba su sani ba.

Ina nufin rubuce-rubucen malamanmu na da. Kowa ya ji sunan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salga, bayan yaƙin basasar 1892 kuma ya koma Kete-Krachi, inda ya yi limanci da koyarwa har Allah ya karɓi ransa a 1934. Ya bar waƙoƙi da wasiƙu da tarihi, wasu da Larabci, wasu da Hausa cikin ajami. Tun yana raye wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ya karɓi rubuce-rubuce daga hannunsa, aka buga wasu a Jamus. Kafin zamaninsa, malaman ƙasar Gonja sun rubuta tarihin sarakunansu da Larabci tun ƙarni na 18. Wasu takardun Larabci da aka rubuta a Kumasi a farkon ƙarni na 19, yanzu haka suna laburaren masarautar Denmark a Kopenhagen. A shekarun 1960, cibiyar nazarin Afirka ta Legon ta tashi tsaye wajen tattara irin waɗannan takardu. Masana irin su Ivor Wilks da Thomas Hodgkin suna cikin aikin, amma wanda ya shiga gari-gari yana sallama a ƙofar malamai shi ne Alhaji Usman Ishaƙ Boyo. An tara ɗaruruwa, akwai kuma kwafinsu a Jami'ar Northwestern ta Amurka.

Abin da aka tara kaɗan ne daga abin da ke ƙasa. Saura yana cikin gafaka da adaka a gidajen malamai, a Kumasi da Wenchi da Yendi da Wa da nan Accra. Gara tana ci, danshin damina yana ci, gobara tana ci, wani lokaci kuma magada su raba littafi guda kashi uku kamar yadda suka raba sauran kaya. Tsohon garin Kete-Krachi kansa ruwan Volta ya shanye shi bayan an gina madatsar Akosombo. Takarda ba ta jiran sai mun shirya.

Ku duba abin da ake buƙata kafin a shigar da irin wannan takarda cikin kundi. Rubutun hannu ne irin na ƙasashen Magrib, wato arewacin Afirka, wanda ɗigon fa'un yake ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya koyi Larabci a aji kawai da bugun Masar zai yi ta tuntuɓe, yaron da ya wanke allo da warash kuwa ya saba da shi. Warƙoƙin a sake suke, ba ɗinki, ba lambar shafi. Ana gane jerinsu ne ta kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi, wadda ita za ta buɗe shafi na gaba. Sunan mai kwafa da ranar da ya gama suna can ƙarshe, bayan ya rubuta tammat. Idan aka ɗaga takardar aka haska, akan ga tambarin masana'anta a jikinta, sau da yawa jinjirin wata uku na takardun da ake kawowa daga Italiya, wanda ke taimakawa wajen kintatar zamaninta. Idan kuma ana cikin Larabci sai malam ya juya zuwa Hausa a gefen shafi don ya yi wa almajiri bayani, to nan sai mai jin Hausa. Ku faɗa mini, masu sauraro, a cikin ƙasar nan wa ya haɗa Larabcin allo da ajami da Hausa da Turancin boko a kai guda, in ba ɗan makarantarmu ba?

Sai dai baiwar nan ita kaɗai ba ta ba mutum aiki. Dole a haɗa ta da takardar shaida. A Legon ana karanta wannan fanni tun daga digiri na farko har digirin digirgir, kuma manyan muƙaman laburaren jami'a sai mai digiri na biyu. Wanda ya riga ya yi digiri a Larabci ko tarihi ko kwamfuta bai makara ba, yana iya ɗora na biyu a wannan fanni. Ilimin kwamfuta kuwa ya zama tilas, domin manhajoji irin su Koha da DSpace su ne kayan aikin yau.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Albashin gwamnati ne, mai rufin asiri, ba mai gina bene cikin shekara biyu ba. Ɗaukar ma'aikata a hukumomin gwamnati yana jiran amincewar ma'aikatar kuɗi, kuma jiran kan yi tsawo. Makarantu da yawa suna da ɗakin da ake kira laburare amma babu ƙwararre a ciki, sai a ɗora wa wani malami kulawa da shi a kan aikinsa. Wannan ni a ganina kuskure ne da ya kamata ma'aikatar ilimi ta gyara, domin gyaransa kaɗai zai buɗe guraben aiki masu yawa, ya kuma amfani yaran da ke karatu.

Mu ma akwai namu nauyin. Wata 'yar Kanada mai suna Kathy Knowles ta fara da karanta wa yara 'yan kaɗan littafi a ƙarƙashin bishiya a gidanta a 1990, daga nan aka kai ga gina laburarori har da wanda ke hidima ga Nima da Mamobi. Mu da muke gina masallatai masu hawa biyu, ɗaki guda na littattafai da albashin mutum ɗaya mai horo bai fi ƙarfinmu ba. Asusun raya Zango da aka kafa da dokar 2017 zai iya ɗaukar nauyin karatun 'yan matasa a wannan fanni. Ina kuma roƙon iyayenmu malamai da magadansu, Allah ya ƙara muku daraja: ba a ce ku rabu da takardun kakanninku ba. Yau ana iya ɗaukar hotonsu a zaurenku, a gabanku, a mayar muku da su a hannu. Kada dai a liƙa musu salatif, kada a rufe su da leda mai zafi, domin hakan kashe takarda yake yi a hankali.

Kai kuma ƙanena, ke kuma ƙanwata, da za ku fita hidimar ƙasa ta shekara guda, ku nemi a tura ku laburare ko ma'adanar takardu. Wanda bai kai nan ba tukuna, ya je babban laburaren Accra da ke titin High Street, ko na yankin Ashanti da ke harabar cibiyar al'adu a Kumasi, ya yi rajista, ya gabatar da kansa, ya tambayi ma'aikatan yadda suka shigo aikin. Idan kuma kun zo rubuta takardar neman aiki, ku sa a ciki cewa kuna karanta Larabci da ajami kuna jin Hausa, kada ku bar shi a baya don kuna ganin karatun allo ne.

Sai mun sake haɗuwa a wani sharhin. Wassalamu alaikum.