Bin Ruwan Tiga a Kan Babur: Daga Kano Zuwa Baturiya a Kwana Biyar

Assalamu alaikum. Wannan babur ɗin da kuke gani a jingine a Ƙofar Nassarawa, Boxer ce, irin wadda ake ɗaura wa buhun masara uku a ƙauye. Ba wani na musamman ba ne. Da ita na fita daga Kano ranar Laraba da sassafe, na dawo ranar Lahadi kafin la'asar sakaliya, bayan na ci abin da ya kai kilomita 600. Da mota ce a kan babban titi, yini guda ya isa. To me ya sa na ɓata kwana biyar? Saboda ita tafiyar babur a ƙananan hanyoyi da rana ake lissafa ta. Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce awa nawa ya rage rana ta faɗi, ba kilomita nawa ya rage ba.

Ga taswirar. Kano, Kura, Tiga, Rano, Birnin Kudu, Dutse, Haɗeja, Baturiya, sannan a juyo ta Gujungu da Ringim. Idan kuka lura, ruwa na bi. Na faro daga inda aka tare shi, na bi shi har inda yake bazuwa a fadama.

Mu fara da lokaci. Damina a bar ta, domin kwalbati ɗaya ya karye, sai ka yi zagayen awa uku. Bazara ma, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, injin ya gaji, kai ma ka gaji. Lokacin fita shi ne kaka zuwa farkon hunturu, wajen Nuwamba zuwa Disamba: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ana girbi, hazo bai yi kauri ba tukuna. Sai dai sanyin asuba a kan babur ba wasa ba ne. Rigar sanyi, safar hannu, rawani ko ƙyalle na toshe hanci, sannan hular kwano. Na san mutanenmu da hular kwano ba a ga maciji, amma burji ba ya jin lallashi.

Kwana biyu kafin tafiya kai babur wajen bakanikenka. A yi juyen baƙin mai, a duba birki gaba da baya, a ɗaure sarƙa a sa mata mai, a kalli taya. A jaka ka sa tub guda, fulogi guda, wayar kuloci, sufana biyu zuwa uku, da ƙaramin famfo. Duka ba su kai nauyin kwano biyu na gero ba. Takardun babur da katin shaida su zauna a aljihun gaba, a cikin leda, domin za ka ciro su fiye da sau goma. Kowa kuma ya hau nasa. Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, kuma har yau goyo a babur abu ne da yake jawo tambaya. Ku kasance biyu ko uku. Kada ku yi ayarin babur goma ku doshi ƙauye. A wannan zamanin, mutanen karkara in suka hango babura jere suna tayar da ƙura, ba maziyarta ne suke fara zuwa musu a rai ba.

Ranar farko gajeriya ce, da gangan. Ka bi titin Zariya, ka haye gadar Tamburawa, ka wuce Kura da Kwanar Gafan inda ake lodin tumatir zuwa kudu. Duk koren da kake gani dama da hagu a yankin Kadawa, shinkafa da alkama da albasa a tsakiyar rani, daga wuri ɗaya ruwansa yake fitowa: madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974. Tsawon bangonta ya kusa kilomita 6. Ka kashe inji a nan, ka zauna. Masunta suna fitowa da karfasa da tarwaɗa, ga mata masu suya a gefe. Riƙe wannan ruwan a ranka, za mu sake haɗuwa da shi.

Wani zai ce tun da an zo nan, me zai hana a miƙa Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore har Riruwai? Wurin yana da kyau, ban musa ba. Amma dajin ya daɗe yana da labarin ɓarayin shanu da masu tare hanya, ni kuwa yawon buɗe ido na fito, ba gwajin jarumta ba. Na karya ta Rurum na shiga Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, garin da duwatsu suka yi wa zobe. Ƙarfe huɗu na yamma na riga na sauke kaya.

Rana ta biyu ce ta koya mini darasi, don haka bari in daɗe a kanta. Daga Rano ta Kibiya da Garko, na ce bari in yanke ta wata hanyar burji da wayata ta nuna mini. Taswirar waya ta san akwai hanya, amma ba ta san ko bara ruwa ya cinye ta ba. Na tarar da wani dattijo a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Na kashe babur, na cire hula, na durƙusa.

“Baba, sannu da hutawa. Hanyar nan tana ɓullewa titi?”

Ya dube ni, ya dubi tayar. Ya ce, “Tana ɓullewa, ɗana. Sai dai akwai ɗan rairayi nan gaba kaɗan.”

Jama'a, ku kiyayi kalma biyu a bakin mutumin ƙauye: “ɗan” da “nan gaba kaɗan”. Wanda ya saba taka sayyada tun yana yaro, ma'auninsa daban ne. Ɗan rairayin nan ya ci mini fiye da awa guda, na faɗi sau biyu, madubin hagu ya tafi. Laifina ne, ban iya tambaya ba. Abin da ya kamata in ce shi ne: yau babur ya bi ta nan? Da kaya ko babu kaya? Mafi kyau ma ka nemi 'yan acaɓan garin a inda suke taruwa, ka tambaye su minti nawa suke yi. Su ne suka san ramin da ya buɗe jiya.

Shi kuwa rairayi yana da ƙa'ida. Ka sa giya ta biyu, ka riƙe totur daidai ba tare da fizga ba, ka ja jikinka baya a kan kujera don gaban babur ya yi sauƙi. Kada ka kuskura ka damƙe birkin gaba, nan take tayar za ta nutse ta watsar da kai. Idonka ya tsaya a inda kake son zuwa, ba a ƙasan taya ba. In yashin yana da tsawo, rage iskar taya kaɗan, in ka fita ka mayar da famfonka. Gargada kuma akasin haka ce: in ka cika rarrafe, sai ta kwance maka duk wani noti da ke jikin babur.

Na faɗo babban titi a wajen Wudil. Da gangan na zo ranar Alhamis, domin Juma'a ce kasuwar shanu, kuma mai babur ba shi da abin nema a tsakanin tireloli. Kogin da ke ƙarƙashin gadar Wudil shi ne ruwan nan na Tiga, bayan kogin Kano ya haɗu da na Challawa. Daga nan ne ya kama hanyar Haɗeja. Ni kuma na bi ta Takai da Kachako na sauka Birnin Kudu.

Mutane da yawa suna wuce garin nan a mota ba su san abin da ke cikin duwatsunsa ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu a jikin dutse, wanda aka yi tun kafin tarihin da muke karantawa. Matso kusa ka duba: shanun ba su da tozo. Ba irin waɗanda Fulani suke kiwo yau ba ne. Akwai kuma duwatsun da in ka buga musu ƙaramin dutse suke amsawa kamar ƙararrawa. Wurin yana ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, don haka ka nemi mai kula da shi ya raka ka, kada kuma ka shafa zanen da hannu.

Juma'a ta fi kowace rana tsawo. Dutse, wadda ta zama babban birnin Jigawa a 1991, ka tsaya ka sayi dabino. Sai Kiyawa, sai Jahun, inda na yi sallar Juma'a, sai Kafin Hausa. Ƙasa ta miƙe, duwatsu sun ƙare, goruba ta fara yawa. Hanyoyin Jigawa na kwalta suna da daɗin tuƙi, kuma a nan haɗarin yake, domin daɗin ne zai sa ka manta cewa akuya ba ta san dokar hanya ba.

Maganar mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, shi ne babban kashin kuɗin tafiyar. Dokata ita ce, tanki ya kai rabi, gidan mai na farko da na gani a buɗe zan cika. Sau ɗaya na karya dokar, na sayi kwalba biyu a hannun wani ɗan bumburutu a gefen hanya. Ba a yi nisa ba babur ya fara tari yana shaƙewa. Wani yaro bakanike ya kwance kafireto, ya tsiyaye a murfin galan, ya nuna mini ruwa kwance a ƙasan man. Ya ce, “Yaya, wannan ai shayi aka ba ta.” In dole ta sa ka saya a kwalba, ɗaga ta sama ka kalli gindinta a hasken rana.

Na shiga Haɗeja ana kiran la'asar. Garin Sarki Buhari ne, kuma a nan Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya yi shahada a 1906. A manyan garuruwa irin wannan akwai masauki. In kuwa dare ya dosa kana ƙauye, kada ka shimfiɗa a bayan gari ka ce kana zango. Nemi gidan mai unguwa ko dagaci, ka yi sallama, ka ce, “Ranka ya daɗe, baƙo ne, matafiyi,” ka faɗi inda ka fito da inda ka nufa. Soro ba ya gagara, tuwo ma haka.

Asabar kacokan na ba Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma. Ka je da asuba. Wannan yanki ne na fadamar Haɗeja da Nguru, kuma tun 2008 aka sa shi cikin jerin Ramsar na dausayin da duniya ta amince da muhimmancinsu. Kirinjijiya da ɗinya da zalɓe 'yan gida ne. Amma a cikin agwagin ruwan da kuke gani suna tashi kamar hayaƙi, akwai baƙin da suka tsere wa sanyin Turai, suka ƙetare Sahara, suka sauka a nan. In ka tuna da tasu tafiyar, sai ka daina yi wa mutane kurin taka.

A nan ne na sake haɗuwa da ruwan Tiga, ta wata fuskar. Da, kogin yakan cika ya malala da damina, ya ja baya da rani, manomi da masunci da makiyayi kowa ya samu rabonsa bi da bi. Da aka tare shi a Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, sai ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta toshe magudanai, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Tumatir ɗin da ya ba ni sha'awa a Kadawa ranar Laraba, ga wani ɓangare na kuɗinsa ana biya a nan.

Lahadi sai gida. Kasuwar Gujungu tana ci, na tsaya na sha fura, na sayi madubi. Ringim, Gezawa, sai ga hayaniyar 'Yankaba da 'yan adaidaita suna yanko ni ta hagu. Kafin in cire takalmi na kira bakanike na ce gobe da safe ya tanadi kananzir na wankin sarƙa, don yashin Garko yana nan maƙale a cikinta.