Amsoshin Tambayoyinku: Fulin Karanshaf Ya Ƙi Fita

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Kumasi. Yau ma muna tare da Masta, dattijon fita, wato makanike, da ya daɗe yana gyaran inji a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Masta, barka da zuwa, ya gajiyar aiki?

Masta: Ba gajiya, Malam. Aiki da godiya.

Mai gabatarwa: Madalla. Wasiƙar farko ta fito daga wani matashi mai koyon aiki a Aboabo. Ya ce: "Masta, an kawo mana Chevrolet mai silinda 8 da aka shigo da ita daga Amurka. Baƙin mai na zuba ta gaban inji, muna so mu canza sil, wato robar da ke tare mai. Mun kwance bol ɗin tsakiya, amma fulin karanshaf ya ƙi motsi, kuma ba na kamfani ba ne, wanda ya yi amfani da motar a can ne ya sa shi. Kwana biyu ke nan muna fama. Babban yaron shagonmu ya ce mu sa fula, wato ƙarfen zaro fuli, mai ƙafa uku, mu taimaka da guduma. In yi?"

Masta: Ɗana, ajiye gudumar nan tukuna, ka saurare ni. Na ji daɗi da ka tsaya ka yi tambaya, domin abin da ke hannunka ya fi ƙarfin fulin jan bel kawai. Duk sanda wuta ta tashi a silinda, fistin yana naushin karanshaf, sai ƙarfen ya ɗan murɗe ya dawo, kamar a matse wanki a saki. Ido ba ya gani. Amma injin Corolla mai silinda 4, in yana juyi 3,000 a minti, naushi 6,000 yake sha a wannan mintin. Naka mai silinda 8 kuwa ninki biyu. Wannan fulin, da muke ce wa damfa, shi ke shanye girgizar don kada karanshaf ya gaji ya tsage.

Na kamfani kashi uku ne: cibiya da ke zaune a bakin karanshaf, zoben ƙarfe mai nauyi a waje, sai roba a tsakaninsu. Fula mai ƙafa uku zoben waje take kamawa. Kana ja, cibiya tana nan inda take, robar ce ke yagewa. Ka ga ka kashe damfa ke nan alhali bai fita ba. Ita kuwa guduma, duk bugu ɗaya yana ratsa karanshaf ya sauka kan 'yan siraran farantin da ke hana shi yin gaba da baya. Ba ranar za a ga ɓarnar ba, sai bayan wata da watanni.

Mai gabatarwa: To shi wannan da ba na kamfani ba fa, da me ya bambanta?

Masta: Masu son gudu a Amurka sukan sa irin na kamfanin ATI ko Fluidampr. Na Fluidampr ruwan silikon ne mai kauri a rufe a ciki, da zobe yana iyo a cikinsa. Ka lotsa gwangwanin da guduma, zoben ya maƙale, shi ke nan ya zama ƙarfen banza mai tsada. Na ATI kuma murfinsa da bol aka ɗaure shi a jikin cibiya. Kuma da gangan ake ƙera su su kama bakin karanshaf tam, sau da yawa fiye da na kamfani. Saboda haka ƙin fitarsa ba alamar tsatsa ba ce dole, haka aka yi shi.

Ga yadda za ka yi, ɗana. Cire kan batir, sauke bel. In wuri ya yi maka kaɗan, fitar da fanka da lagireto, kada ƙyuyar minti talatin ta jawo maka huda shi. Sannan ka haska tocila cikin ramin da bol ya fito. Sau nawa na tarar da yara suna ja har gumi, ashe wosha ce mai kauri ta manne a ciki ta tokare. Duba wannan da farko.

Bayan haka nemi ramuka masu zare a fuskar cibiyar, yawanci uku ne. Nan ne mazaunin ƙarfi. Fular da ake bukata ita ce mai faranti, wadda ake ɗaurewa da bol a waɗannan ramuka, da dogon sukuru a tsakiya. A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami: irin waɗannan kayan na Amurka sau da yawa da awon inci ake yanka zarensu, mu kuwa akwatunanmu cike suke da bol na milimita, na Toyota da Nissan. Bol na M8 da na inci 5/16 kamar tagwaye suke a ido. Zai shiga zagaye biyu ya cije, kai kuma ka ce tsauri ne ka sa sifana, ka cinye zaren. Gwada da yatsu kawai. In bai tafi sumul ba, ba nasa ba ne, shiga Magazine wajen masu sayar da bol ka nemo na inci mai ƙarfi.

Ɗaura su daidai wa daida, farantin ya zauna a miƙe. Su shiga sosai, amma kada su zarce su taɓa murfin taimin da ke baya. Sai abin da na fi ji wa tsoro: kada bakin dogon sukurun ya hau kan zaren da ke cikin karanshaf. Sa masa kan da ya zo da fular, ko ka zura ɗan sandan ƙarfe ya tokari gindin ramin. Wata shekara an jawo mana tirotiro, wato bas ɗin haya, daga wani gareji, an murƙushe wannan zaren da fula. Aikin sil na rabin yini ya koma sauke inji, direban ya yi kusan mako biyu bai fita aiki ba, ga iyali. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Shafa giris a sukurun, ka riƙa juyawa da hannu sannu a hankali, ban da bindigar iska. Za ka ji ya yi ƙara tas, kada ka tsorata, ya saki ne. In ya cije, fesa man kwance tsatsa, bar fular a ɗaure, je ka yi salla ka dawo ka ƙara rabin zagaye. Wutar gas kuwa kada ta kusance shi, tana cinye roba, tana lalata ruwan ciki.

In ya fito, shafa wuyan cibiyar da farce. In sil ya yi masa zobe har farce na maƙalewa, sabon sil ma zai zubar, sai an sa masa 'yar riga ta ƙarfe. Wajen mayarwa kuma akwai dogon sukuru na turawa. Kada ka ja shi da bol ɗinsa, zare biyu ko uku kawai zai kama, su kuma ba za su ɗauki nauyin ba. In injin nan irin LS ne na General Motors, bol ɗin kamfani sau ɗaya ake ɗaure shi, sayi sabo.

Mai gabatarwa: Allah ya saka da alheri. Ga kuma wani direban tasi daga Asawase, mai Honda Accord ta 1996. Ya ce bol ɗin fulin ne ma ya ƙi kwancewa, fitansa yana so ya tokare doguwar sifana da ƙasa ya buga sitata.

Masta: Alhaji, hana shi. Wannan dabara ko a motar da take ci ban so ta, sifana kan fizge ta karya hannu ko ta fasa wani abu. A taka kuwa ba za ta ci ba sam. Injinan Honda na shekarun 1990, na Civic da Accord masu silinda 4, hagu suke juyawa, saɓanin yawancin motoci, bol ɗin kuma zarensa irin na kowa ne. Yana buga sitata ƙara ɗaure shi zai yi. Dubi tsakiyar fulin, akwai rami mai kusurwa shida, milimita 50. An yi shi ne don wani ƙarfen riƙo na musamman. A riƙe fulin da shi, a sa soket mai kauri da dogon bututu, zai saki. Honda tana ɗaure wannan bol da ƙarfi ƙwarai. A injin K24 na Accord da CR-V na shekarun 2000 awon niyuton-mita 245 ne, alhali na Corolla mai injin 1ZZ 138 ne. Shi ya sa wajen mayarwa a yi amfani da sifanar awo, a duba adadin da kamfani ya rubuta wa injinka.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, wata Hajiya ce daga Tafo. Ta ce fulin Corollarta yana rawa, bel na kuka da safe. An kawo mata na alminiyam mara nauyi, an ce mota za ta ƙara gudu. Ta saya?

Masta: Hajiya, rawar nan alama ce robar ta fara rabuwa, kada ki yi doguwar tafiya da shi, in zoben ya fice bel zai faɗi, caji ya ɗauke, inji ya yi zafi. Amma na alminiyam ɗin, in dunƙule ɗaya ne babu roba a jikinsa, ba ya shanye girgiza ko kaɗan, kuma gudun da ake faɗa ba za ki ji shi ba a cunkoson hanyar Kejetia. Nemi irin na kamfani. In na hannu ne, a Magazine ko Abossey Okai da ke Accra, a duba robar gaba da baya, kada a karɓi mai tsagewa ko wadda ta kumburo, a kuma ɗora shi kan tsohon a ga layukan bel sun yi daidai.

Mai gabatarwa: To, lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun da suka shafi giyabos sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masta, mun gode.

Masta: Ni ma na gode, Malam. Ɗan Aboabo, in ka rasa fula mai faranti, ka shigo Magazine ka ara wajen manya kafin ka taɓa motar nan.