Daga Legacy zuwa UEFI: ba sai an yi fomatin ba

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka yi wa masu gyaran kwamfuta a Katsina.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu gyara, da ɗalibanmu da suka taso daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, sannunku da zuwa.

Tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kun san irin kwastoman da ke shigo muku. Ya ɗauko laftof ɗinsa 'yar Beljiyam, ya ce a sa masa Windows 11, amma kada a taɓa masa takardu da hotunan biki. Nan take yaron shago zai ce, “Alhaji, sai an yi fomatin.” Wannan amsar ce ta kawo ni yau, domin sau tari ganda ce kawai.

Windows 11 tana son kwamfuta ta tashi ta hanyar UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta da ya gaji tsohon BIOS, tana kuma son matakan tsaro biyu, Secure Boot da TPM 2.0. Yawancin na'urorin nan suna da UEFI a cikinsu, wanda ya sa musu Windows tun farko ne ya bi tsohuwar hanya. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta msinfo32, ka duba layin BIOS Mode. In ka ga Legacy, wato tsohuwar hanyar, aiki ya same ka.

Matsalar tana kan faifan ajiya. Tsohon tsarin, MBR, tun 1983 yake. Duk bayanin yadda aka raba faifan yana cushe a bayit 512 na farko, kwafi ɗaya tilo, kamar ɗan kasuwar da ya rubuta duk basussukansa a takarda guda ya sa a aljihun riga. Kashi huɗu kawai yake ɗauka, kuma ba ya ganin abin da ya wuce terabayit 2. Sabon tsarin, GPT, yana ɗaukar kashi 128 a Windows, yana kuma ajiye kwafin bayanin a ƙarshen faifan. Windows ba ta tashi ta UEFI sai daga GPT.

To, tun 2017, daga Windows 10 sigar 1703, akwai wata 'yar manhaja a ciki mai suna mbr2gpt. Ba sauko da ita daga intanet za ka yi ba, tana nan zaune. Ka buɗe Command Prompt da ikon admin, ka fara da gwaji: mbr2gpt /validate /allowFullOS. In ta amince, ka maye gurbin validate da convert. Za ta yanki ɗan wuri kamar megabayit 100, ta zuba fayilolin tashi, ta sake rubuta tsarin faifan, kayan mutum suna nan.

In ta ƙi, mafi yawa kashin faifan ne ya wuce uku, don tana buƙatar gurbi ɗaya na kanta. Ko kuma akwai irin kashin nan da ake kira logical, wanda ake yankawa a cikin wani kashi. BitLocker ma, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, a dakatar da shi tukuna.

Ku saurara nan da kyau. Da ta gama, kwamfutar ba za ta tashi ba sai ka shiga saitin BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, ka mayar da shi UEFI, ka kashe saitin tsohuwar hanyar, wato CSM ko Legacy Support. A nan yara suke ruɗewa: baƙin allo ya fito yana cewa babu abin tashi, gumi ya karyo musu, su ɗauko filashi su goge komai. Alhali saiti ɗaya ne ya rage. Haka wanda ya yi gaggawar sauya saitin kafin ya juya faifan, shi ma baƙin allon zai gani.

Manhajar ba ta da hanyar komawa baya. Don haka ka kwashe kayan mutum a wani faifai kafin ka fara, kuma in batirin ya mutu, kada ka dogara da wutar gari, ka tada janareta.

Na'am, Malam, tambayarka? Ya ce tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel Core i5 zubi na uku fa? Za ta juyu, za ta tashi lafiya lau. Amma a hukumance Windows 11 daga zubi na takwas take farawa a Intel. Ka faɗa wa mai ita gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗinsa, in ya so ku yi maganar Linux.